'Ya'yan Darar da Na Aika wa Baba

A hannunsa na fara ganin akwai matsala, tun kafin ya ce komai. Alhaji mai kago, wani mutumin Maraɗi da ke aika wa mutanenmu kaya gida daga shagonsa a Wheaton, nan Amurka, ya buɗe akwatin katakon da na kawo masa, ya zaro ɗaya daga cikin 'yan fararen tubalan da ke jere a ciki. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi a haƙori. Sai ya mayar a hankali, ya goge yatsunsa a gaban rigarsa.

"Ɗiyata, ina kika samo wanga abu?"

Na ce kyauta aka ba ni, kayan wasa ne na mutanen Sin.

"Wasa." Ya rufe akwatin, ya turo mini da bayan hannu. "Wanga hauren giwa ne. In duwan suka gan shi cikin kwantenata, ni da ke duk kaso za mu. Ke ma da sauƙi, su sa ki jirgi su maida ki. Ni iyalina nan suke."

Duwan a bakinsu na Nijar su ne kwastan, kaso kuma gidan yari, wannan na sani. Akwai wata mata a gefe tana auna katan ɗin man shafawa, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. A saman ƙofa akwai kyamara da jan ido. Na rungumi akwatin na fito, ko sallama ban yi ba. Abin da ban gaya masa ba shi ne guda ashirin da huɗu daga cikin 'yan tubalan nan sun riga sun isa Kano.

Bari in koma baya kaɗan. Aikina a lokacin kula da wata tsohuwa ne 'yar asalin ƙasar Sin, a wani gidan bene mai hawa biyu a Greenbelt. In yi mata wanka, in dafa mata shinkafa ruwa-ruwa, in tuna mata magani. Kaka nake ce mata, ta kuma koyi amsawa. Turancinta tsinto ne, nawa na sakandare, saboda haka ba mu cika magana ba. Amma kullum bayan la'asar sai ta nuna mini saman kabad, in sauko mata da akwatin. Majong ake kiran wasan. 'Ya'yansa sun haura ɗari, kowanne bai kai akwatin ashana ba, fuskarsa fari mai ɗan ja-ja na tsufa, bayansa gora, an sassaƙa zane a fuskar an cika da launi: ƙawanya, sanduna, tsuntsu, da rubutunsu. Mutum huɗu ke yin wasan. Ƙawayenta uku da suke yi tare duk sun rasu. Sai ta zube su a tebur, mu biyu mu sa tafin hannu mu yi ta cakuɗawa suna ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ta jera katanga huɗu, ta zauna tana kallon kujeru. Ban taɓa gane ƙa'idar wasan ba. Cakuɗawar dai nake so, don a ranar ita ce kaɗai ƙarar da na yi tare da wani.

Da mantuwarta ta yi yawa, ɗanta ya zo ya tafi da ita can yammacin ƙasar. Ranar tafiyar ta kama hannuna ta ɗora a kan akwatin, a gaban ɗan nata. Shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce in ɗauka, gidansa ba wuri. Ba a mai da kyautar tsoho. Na durƙusa na yi godiya irin tamu, ta yi dariya, ina jin ta ɗauka takalmi nake gyarawa.

Babana ɗan dara ne. Tun da ya bar aiki, bayan la'asar a ƙofar gida yake da abokansa, sun tona gidaje talatin a ƙasa, ɗaya na wasa da ƙirare ɗaya da tsakuwa, sha biyu-sha biyu. Yara kullum suna kwashe musu. Da na zauna a ɗakina ina kallon 'yan tubalan nan, sai na ga ai dara ce ta zo da kanta: mutum ɗaya ya kifa nasa gora ta kalli sama, ɗaya ya bar nasa fari. Lokacin Gwaggona, ƙanwar Baba da ke aure a Upper Marlboro, tana shirin zuwa gida biki. Duk mai tafiya gida a cikinmu jakarsa rabi ta mutane ce, wannan ya kawo turare, wancan maganin ciwon gwiwa, ba mai tambayar wani me ya ƙunsa. Na zaɓi ashirin da huɗu masu kyawun zane, na zuba su cikin safa, na cusa a takalmin da na saya wa Baba. Gwaggo ta karɓa ta jefa a jaka tana waya. Ta bi da su ta filin jirgi uku ba ta sani ba.

Baba ya ji daɗinsu fiye da takalmin. Shi ya sa na ce bari in aika sauran da akwatin, Inna ta sa a jeren ɗakinta.

A bas ɗin komawa Greenbelt na ɗora akwatin a cinya na lulluɓe shi da hijabi. Duk wanda ya shigo sai in ga kamar ni yake kallo. Takarduna na zama suna hannun hukuma, ina jiran a kira ni ganawa, kuma mijin Gwaggo, likita ne mai tsananin kiyaye doka, shi ya tsaya mini. Ya taɓa zaunar da ni ya ce a ganawar za su sa ni rantsuwa su tambaye ni ko na taɓa aikata laifi, ko da ba a kama ni ba. Wannan "ko da ba a kama ki ba" ita ta yi ta yawo a kaina. In na ce a'a na yi ƙarya a kan rantsuwa. In na ce e, sai in faɗi jakar wa ta ɗauka.

Ɗakina a ƙarƙashin gidan wasu mutane yake, tagarsa ɗaya, can sama daidai da ciyawa, ƙafafun masu wucewa kawai nake gani. Na tura akwatin ƙarƙashin gado. Na fito da shi na sa a kwandon wanki. Na yi tunanin kai shi babban kwandon shara na unguwa, sai na tuna can ma akwai kyamara, kuma mai jefar da abu a ɓoye ya nuna ya san laifinsa. Na ɗauko waya zan kira Gwaggo, na ga hotonta a wurin bikin ta sha ɗauri tana dariya, na ajiye.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da aiki, ban sami wata tsohuwar ba tukuna, saboda haka ba abin da ya raba ni da akwatin. Na shiga waya ina neman yadda ake gane hauren giwa. Ashe duniya guda ce. Akwai mutanen da ba su da sana'a sai duba 'ya'yan majong na da, su ce wannan haure ne, wannan ƙashi, wannan roba ce irin ta zamanin kakanni. Robar ma iri-iri ce. Wata in ta ji ruwan zafi warin magani take yi, wata kuma in an goga ta ƙamshin kafur, ita wannan har gargaɗi suka yi kada a kai ta kusa da wuta. Turancinsu sauri gare shi, sai in tsayar da bidiyon in koma baya. Na yi ta addu'a Allah ya sa roba ce. Ban taɓa roƙon Allah ya sa abin hannuna ya zama jabu ba sai ranar.

Na jira masu gidan suka fita aiki, na hau kicin. Na tara ruwan zafi na tsoma gefen ɗaya, na shinshina. Ba warin magani. Na goga shi a zanina har ya yi ɗumi. Ba kafur. Saura allura. Sun ce kada a yi, yana ɓata kaya, amma sun ce in roba ce allura mai zafi za ta nutse. Na riƙe allurar da ɗan ƙyalle a kan wutar gas har ta yi ja, na danna a gefen farin, ina cewa shiga, don Allah shiga. Ta ƙi. Ɗigo baƙi kawai ta bari, da wani wari siriri da na sani tun ina yarinya: warin babbakar kai da ƙafa ranar layya. Abin nan daga jikin dabba ya fito. Na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane, allura a hannu, har wutar da na manta ban kashe ba ta ɗumama ɗakin.

Saura abu biyu ke nan, ƙashi ko haure. Sun ce ƙashi yana da 'yan ɗige-ɗige da gajerun zane baƙaƙe, hanyoyin jini ne na da. Haure kuma in ka dubi inda aka yanka za ka ga layuka sun gitta juna kamar saƙar tabarma. Na hau kujera na kai shi bakin tagar nan tawa ɗaya. Na ƙura ido har hawaye. In na karkata shi dama sai in ga ɗigo, in ce alhamdulillahi. In na karkata hagu sai in ga saƙa. Na ɗauki hoto da waya na ja shi ya yi girma, ya zama hazo. Na gwada goma, na gwada ashirin. Wani fes yake ba ɗigo ko ɗaya, shi na fi tsoro, na ware shi gefe kamar mai cuta.

Ana cikin haka Baba ya turo saƙon murya. Ina jin hayaniyar ƙofar gidanmu a bayansa, da mai tallan awara, da wannan ƙarar da na sani, ƙwas, ƙwas.

"Uwata, kina ji? Naki ne ke kuka. Yau na ci Malam na kan kwana sau uku, ya ce 'ya'yan ne ke da asiri, ba ni ba. Na ce to ya haifi 'ya ya tura ta Amurka. Har daga wata unguwa ana zuwa kallo. Wani ya ce in sayar masa, na ce ko da gidansa."

Can wata murya ta ce, "Faɗa mata na gora ba sa ci, ta aiko da wasu."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Na saurara sau biyu. Har daga wata unguwa ana zuwa kallo. Na danna zan ce masa ya ɓoye su, ya daina fitowa da su, sai na rasa dalilin da zan ba shi. Na ce, "Allah ya ƙara nasara, Baba," na tura, muryata kamar ta mai mura.

Juma'a ta zo ban je masallaci ba. Nan ne kaɗai nake ganin mutanenmu, amma Alhaji mai kago can yake salla, kuma ban san bakin matar nan mai man shafawa ba. Abinci ya daina shiga. In mota ta tsaya a waje sai in hau kujera in leƙa takalma: in na ga baƙaƙe masu sheƙi sai in riƙe numfashi har su wuce. Na ninke kayana na sa a jaka ba tare da na ce wa kaina shiri nake ba. Abin da ya fi damuna a lokacin, in na tuna yanzu, ba jirgin ba ne. Fuskar mijin Gwaggo ce in an buga masa ƙofa saboda ni, da yadda Baba zai ji in ya san abin da yake ta alfahari da shi ne ya dawo da ni.

Gwaggo ta kira daga Kano tana tambaya ko ina son a taho mini da kuka da daddawa. Ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? Muryarki ta yi ƙasa." Na ce barci ne. Ta ce in rage barcin rana, ba ya kawo aiki. Na ce to, Gwaggo.

A ɗaya daga cikin bidiyon wani ya ce in ka kasa ganewa ka kai wa mai sayar da tsoffin kaya. Akwai layinsu ba nisa da Wheaton, na sha wucewa ta nan a bas. Na kwana biyu ina juya abin, don a ganina kai kaina zan yi. Abin da ya fitar da ni shi ne na gaji. Na ga gara a ce mini haure ne in san inda nake, da wannan hawa kujera da sauka. Ban ɗauki akwatin ba. Guda biyu na ɗauka, wanda na ƙona da wancan fes ɗin da na ware, na ƙulle su a gefen mayafi kamar yadda Inna ke ƙulle canji.

Na wuce shaguna uku ban shiga ba. Na huɗun wata dattijuwar Baturiya ce a ciki ita kaɗai, da tabarau rataye a wuya, tana cin tuffa da wuƙa. Shagon na warin tsohon katako. Na ce ƙawata ce ta ba ni wani abu in tambaya mata. Na kwance ƙullin na miƙa mata su.

Ta shimfiɗa ƙyalle, ta jawo fitila, ta sa wani ɗan gilashi a ido. Ba fuskar ta duba ba, gefen ta duba, inda farin ya haɗu da gorar.

"Wa ya soka masa allura?"

Na ce ƙawar tawa.

"Ki ce wa ƙawarki ta daina kallon bidiyo." Ta ɗauki na biyun, ta daɗe a kansa fiye da na farkon. Ina jin agogunan shagon, kowanne da lokacinsa. Sai ta miƙo mini gilashin. "Zo ki gani da idonki. Kawo shi kusa, kusa sosai. Abin za ki matsar, ba kanki ba."

Da farko fari kawai na gani. Sai ya washe. Ga su nan, 'yan ɗige-ɗige da gajerun zane launin ƙasa, birjik, kamar an watsa garin shayi a kan madara. Har a jikin fes ɗin, sai dai nasa ƙanana ne, sun taru a kusurwa.

"Ƙashi ne," in ji ta. "Ƙwaurin saniya. Wannan mai tsabtar daga ɓangare mai kyau aka yanko shi, shi ya sa yake ruɗar mutane. Dubi yadda aka tsaga gorar aka zura ƙashin, ba gam, aikin hannu ne. Zai yi shekara ɗari ko kusa. A zamanin har ƙashin shanu ake kwasa daga mahautan ƙasar nan a kai can ƙasar Sin, su sassaƙa su dawo mana da shi. Kowa ya zo nan cewa yake na kakarsa haure ne. Na haure ba su da yawa, ni kaina sau ƙalilan na taɓa riƙewa."

Na ce, "Kin tabbata?"

"Saniya ce, 'yata. Sauran suna ina? In suna nan cif da akwatinsu, zan so in gani."

A nan ƙawar ta ɓace. Na gaya mata komai a tsaye, Kaka da kujerunta, safa da takalmi, jakar Gwaggo, Alhaji, ganawar da nake jira. Turancina ya yi ta karyewa ina ɗorawa. Da na zo kan ashirin da huɗun sai ta dafe goshi.

"Kin raba su? Ashirin da huɗu?" Ta girgiza kai. "To kin kashe shi a matsayin majong. Ba mai saye yanzu, sai mai neman cike gurbi. Me mahaifin naki yake yi da su?"

Na ce dara. Ta ce mene ne dara. Na zana mata gidajen da yatsa a kan gilashin teburinta, biyar nan, shida nan, na kifa ɗaya na bar ɗaya a buɗe, na nuna mata yadda ake jera uku a ci na abokin wasa. Ta ce a ƙasa? A kan turɓaya? Na ce e. Ta rufe ido kamar abin ya yi mata ciwo, sannan ta yi dariya.

Ni ban yi ba. Na ce, "To laifin fa? Abin da na aika?"

Ta cire tabaran ta dube ni sosai, ina jin sai lokacin ta ga yadda nake.

"Kin aika wa babanki ƙashin saniya da gora. Ba dokar da ta hana. Ba wanda ke nemanki, ba abin da za ki faɗa wa kowa a wata ganawa. Zauna kafin ki faɗi."

Na zauna a wata kujera mai takardar farashi a hannu. Ta yanko tuffa ta miƙo mini a bakin wuƙa, na karɓa na ci, shi ne abu na farko da na ji daɗin ci tun ranar shagon Alhaji. Na ciro waya don in gaya wa wani. Na bi sunayen tun daga sama har ƙasa, sai na ga ba wanda ya san na shiga wani hali balle in ce masa na fita. Na mayar da ita jaka. Matar ta koma kan tuffarta, ni kuma na ja gefen mayafina na fara ƙulle 'ya'yan nan biyu.